Wa Ya Ja Wani? Labarin Leopold da Loeb

Duk lokacin da aka kama abokai biyu da laifi ɗaya, ko da satar mangwaro ce a lambun makaranta, tambayar farko da mukan yi ita ce, wane ne ya ja wani? Iyaye ma haka suke yi, kowa ya ce ɗansa mai hankali ne, abokin ne ya ɓata shi. Bari mu duba wata shari'a da aka yi a Amurka, inda aka shekara ɗari ana wannan tambaya.

A ranar 21 ga Mayu, 1924, a birnin Shikago, wasu samari biyu, Nathan Leopold mai shekara 19 da Richard Loeb mai shekara 18, suka yi hayar mota da sunan ƙarya. Suka ɗauki wani yaro ɗan shekara 14, Bobby Franks, yana komawa gida daga makaranta. Yaron ya shiga ba tare da tsoro ba, gama Loeb maƙwabcinsu ne, har akwai dangantaka ta nesa tsakaninsu. A cikin motar aka buge shi a kai da cizal, ya mutu. Suka ɓoye gawar a cikin kwalbati a bayan gari, sa'an nan suka aika wa mahaifinsa wasiƙa suna neman dala 10,000 kuɗin fansa.

Ba talauci ne ya sa su ba. Dukansu 'ya'yan attajirai ne, kuma masu ƙwaƙwalwa. Loeb ya gama jami'ar Mishigan yana da shekara 17. Leopold kuwa yana karatun lauya, yana jin harsuna da dama, ga shi gwani wajen sanin tsuntsaye. Sun yi wata da watanni suna shirya abin da suka ɗauka laifi ne wanda ba mai iya ganowa. Amma tabarau na Leopold ya faɗi kusa da gawar, kuma mahaɗin jikinsa na musamman ne, mutum uku kaɗai aka sayar wa irinsa a Shikago. Da suka ce ai ran nan yawo suka tafi a motar Leopold, sai direban gidansu ya shaida cewa motar tana gareji yana gyaranta.

Cikin kwana goma suka amsa laifinsu. Labarinsu ya zo ɗaya a kusan kome, sai wuri guda: kowannensu ya ce shi tuƙi yake yi, ɗan'uwansa ne ya yi bugun.

Da fari mutane da yawa sun ɗora wa Leopold jagoranci. Shi ne mai girman kai, mai yawan karanta littattafan Nietzsche, wani masani na ƙasar Jamus, har ya gaskata cewa akwai mutanen da basirarsu ta ɗaga su bisa doka. Loeb kuwa kyakkyawa ne mai fara'a, kowa na sonsa, sai aka ga kamar shi aka yaudara. Mu ma sau da yawa haka muke yanke hukunci, da fuska.

Likitocin ƙwaƙwalwa da suka bincike su sai suka juya maganar. Suka tarar Loeb ne tun yana ƙarami yake mafarkin zama ƙasurgumin ɗan fashi wanda ya gagari 'yan sanda. Shi ne mai sha'awar sace-sace da ƙone-ƙone, amma abin ba ya yi masa daɗi sai da mai kallo. Leopold kuma ƙaunar Loeb ta rufe masa ido, a cikin tunaninsa yana ganin kansa bawa ne mai ƙarfi da ke hidimar wani sarki. Har alkawari suka ƙulla: Leopold zai riƙa raka shi wajen aikata laifi, shi kuma ba zai janye masa jiki ba. Ɗaya daga cikin likitocin ya shaida a kotu cewa Loeb ya faɗa masa shi ne ya yi bugun.

To, ko wannan ya nuna Loeb ne shugaba? A ganinmu bai isa ba. Loeb ya kawo sha'awar, amma Leopold ne ya kawo hujjar da ta kwantar musu da zuciya, kuma duk wanda ya so ja da baya yana jin kunyar ɗayan. Mabiyin da ke yaba wa shugaba kullum, shi ma tura shi yake yi. Zai yi wuya ɗayansu ya iya wannan aiki shi kaɗai.

Doka ba ta tsaya raba musu laifi ba. Lauyansu, Clarence Darrow, ya sa suka amsa laifi domin shari'ar ta koma hannun alƙali shi kaɗai, ya kuma roƙa kada a rataye su. A watan Satumba, 1924, Alƙali John Caverly ya yanke wa kowannensu ɗaurin rai da rai da ƙarin shekara 99. Babban dalilin da ya bayar na barinsu da rai shi ne ƙuruciyarsu.

Wani fursuna ya kashe Loeb a kurkuku a 1936. Leopold ya koyar da fursunoni, aka sake shi a 1958, ya tafi tsibirin Puerto Rico ya yi aiki a asibitin Ekklesiyar 'Yan'uwa, wato ikkilisiyar da ta fara aikin mishan a Garkida a 1923. A can ya rasu a 1971. Bayan fitowarsa ma bai sake magana ba, ya ce Loeb ne ya yi bugun. Loeb kuwa ya daɗe a kabari, ba shi da bakin amsawa.