Kafin Ka Tura Kuɗin Tikitin Jirgi

Mutumin unguwar Nukkai da zai tashi daga filin jirgin Danbaba Suntai na Jalingo, ko mai niyyar Umara, yakan ci karo da dillalan tikiti a Facebook da WhatsApp. Wasunsu 'yan damfara ne. Sai su kama maka kujera ba su biya ba, su turo lambar kama kujerar, wato PNR, hankalinka ya kwanta; wa'adin biya na cika kamfanin jirgi ya soke ta, kuɗinka sun tafi.

Tikitin da aka biya yana da lambobi 13. Duba shi da kanka a shafin kamfanin jirgin. Kamfanonin Umara kuwa, hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ke ba su lasisi, don haka ka tabbatar suna da shi. In asusun wani mutum aka ba ka, ba na kamfani ba, kada ka tura ko kwabo.