Landan: Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ya raini kiɗan punk

A lamba 100 da ke titin Oxford, tsakiyar birnin Landan, akwai wata ƴar ƙofa da mai sauri zai wuce bai lura da ita ba. Matakala ce ke sauka zuwa wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, mai ɗaukar mutum kusan 350. Sunan wurin 100 Club, kuma tun 1942 ake kiɗa a cikinsa.

A ranakun 20 da 21 ga watan Satumba na 1976, ƙungiyoyin makaɗa takwas suka hau ɗan dandamalin wurin, huɗu kowane dare. Lokacin Birtaniya na cikin matsi: marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, kuma a ƙarshen wannan wata gwamnati ta nemi rance daga Asusun Lamuni na Duniya, FMI. Matasan da suka cika ɗakin ba su da kuɗin manyan filayen wasa, ba su kuma ga kansu cikin taurarin rock na lokacin ba.

Daren farko, Subway Sect suka buɗe fage, sai Siouxsie and the Banshees, waɗanda ba su taɓa yin wasa gaban jama'a ba. Sid Vicious ne ya buga musu ganga. Bayansu The Clash, sannan Sex Pistols suka rufe. Dare na biyu aka ga Stinky Toys daga Faransa, da The Vibrators, da The Damned, da Buzzcocks daga Manchester.

Salon kiɗan ba shi da ƙawa: jita, ganga, murya mai kaushi, waƙa ta minti biyu ko uku. Tsakanin mai kiɗa da mai kallo ba tazara, gumi ɗaya suke sha. Wannan kusanci ne ya sa matasa da dama suka fita da tunanin cewa su ma za su iya.

Sai dai bikin bai ƙare lami lafiya ba. A dare na biyu an jefa kofin gilashi, ya fashe a jikin ginshiƙi, ya raunata wata budurwa a ido. Ƴan sanda suka kama Sid Vicious, masu wurin kuma suka dakatar da kiɗan punk na wani lokaci. Duk da haka, makonni kaɗan bayan nan Sex Pistols suka sa hannu da kamfanin EMI, The Damned kuma suka fitar da faifansu na farko a watan Oktoba.

A 2010 tsadar haya ta kusa rufe 100 Club. Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya sauko ya yi wasa a ɗakin domin jawo hankali, daga baya kamfanin takalma na Converse ya tallafa.

Wurin ya tsira, amma irinsa da yawa ba su yi sa'a ba. Ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 don kare ƙananan wuraren kiɗa, ta ce a 2023 kaɗai wurare 125 a Birtaniya suka rufe ko suka daina kiɗa. Haya da kuɗin lantarki ne ke cinye su, alhali a irin waɗannan ɗakuna ne sabon makaɗi ke samun dandamalinsa na farko.