Idan Ruwa Ko Jini Ya Ƙare A Jiki: Alamomi Da Agajin Farko

Darasinmu na wannan fitowa a kan kiyaye rai yake, wato hifzun nafsi, ɗaya daga cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin tsarewa.

A ƙarshen watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu mutanen Kance ne ta jihar Damagaram. Daga Arlit suka taso za su zo nan Tamanrasset, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Allah ya jiƙansu. Irin abin da ya same su yana iya faruwa har cikin gidajenmu, ga yaro mai gudawa da amai, ko mai jego da jini ya ɓalle mata, ko magini da mai haƙar zinariya da suka ji rauni, ko wanda wuta ta ƙone.

Da Larabci ana kiran wannan hali sadmatu naƙsi hajmid dami, ma'ana durƙushewar jiki saboda raguwar jini. Baligi yana da kimanin lita 5 na jini, kuma rasa kashi ɗaya cikin biyar, wajen lita ɗaya ke nan, ya isa ya jefa shi cikin haɗari. Gudawa, amai da gumi su ma suna rage jini, don ruwa ne mafi yawansa. In ya ragu, zuciya sai ta ƙara sauri, jijiyoyin fata da hannuwa su tsuke don a tura ragowar zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ƙoda kuma ta rage fitsari. In abin ya daɗe, gaɓoɓin ciki su fara lalacewa.

Daga nan alamomin suke fitowa: bugun jijiya da sauri amma ba ƙarfi, numfashi sama-sama, hannu da ƙafa da sanyi, cikin fatar ido da leɓe su yi fari, ƙishirwa mai tsanani, fitsari kaɗan mai duhu ko babu sam, jiri in an miƙe, sai sambatu ko yawan barci. Ga gwaji mai sauƙi: danna farcen mutum har ya yi fari, ka saki, in ya wuce daƙiƙa 2 jan bai dawo ba, akwai matsala. A jariri kuwa, idanu su zurma, maɗiga ta faɗa, ya yi kuka babu hawaye, ya ƙi kama nono. Mu lura, iskar garin nan busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin a gan shi, sai mutum ya yi ta asarar ruwa bai ankara ba.

To, me za mu yi? Da farko a kira Himaya Madaniyya a lamba 14, ko a nemi mota zuwa asibiti nan take. Kafin su iso, a kwantar da shi rigingine a inuwa, a ɗan ɗaga ƙafafunsa sama, sai fa in ana zaton ya karye ko ya bugu a kai ko baya. In jini ke zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kar a riƙa ɗagawa ana dubawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Kar a zuba ƙasa, toka ko garin magani a rauni. A lulluɓe shi don kar sanyi ya kama shi, amma wanda zafin rana ya buge har jikinsa ya yi zafi rau, shi sanyaya shi ake yi da ruwa da fifita. Wanda ya suma yana numfashi, a juya shi gefe guda.

Wanda gudawa, amai ko ƙishirwa suka ƙarar, in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ƙunshin da ake sayarwa a kantin magani. Kurɓi-kurɓi ake ba shi, jariri kuma a ci gaba da ba shi nono. Amma wanda ya suma, ko mai mummunan rauni da wataƙila za a yi wa tiyata, kar a ɗura masa komai a baki, ko da rubutu ne ko zamzam, don yana iya shiga huhu. A yi masa addu'a ana tafiya asibiti, can ne ake ƙarin ruwa da ƙarin jini.

Fiƙihunmu ma ya yi magana. A Mukhtasar na Shehu Halil, mai azumin da ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani wajibi ne ya sha, ya rama daga baya. Haka matafiyin da ruwansa bai wuce na sha ba, taimama zai yi ya bar ruwan don ransa da na abokan tafiya, har dabbarsa. Ba da jini don ceton rai kuwa malamai sun halatta shi, kuma aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta nuna girman ladan raya rai guda.

Muna roƙon kowane ɗalibi ya haddace ma'aunin nan na gishiri da sukari, ya koya wa iyayensa mata a gida. Duk mai haramar bin hanyar In Gezzam da Assamaka ya riƙi ruwa fiye da lissafinsa, kuma kada tsoron rashin takardu ya sa mu ɓoye mai jinya a ɗaki har lokaci ya ƙure. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai matafiyanmu lafiya. Wallahu a'alam.