Yakushi ko Naushi? Fassarar Wata Doka a Wasan Pathfinder

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wasannin tebur da ake taka rawar jarumai da dodanni a cikinsu, irin su Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, da Pathfinder na 2009. A nan zan ɗauko dokar kai hari da farata daga bugun farko na Pathfinder.

Farce makami ne na halitta, kamar haƙori da ƙaho. Dodo mai farata a hannu biyu, idan ya ba da zagayensa duka ga faɗa, yana yin yakushi biyu, kowanne a jefa masa ɗan ludo mai fuska 20. Idan yakushin ya samu, halitta mai girman mutum takan yi ɓarnar maki 1 zuwa 4, a ƙara da makin ƙarfinta. Idan kuwa ta kai sara da takobi, wannan hannun ba ya yakushi, ɗayan kuma a rage masa 5.

Naushi dabam yake. Wanda bai ƙware ba, da ya kai naushi, ya ba abokin gaba mai makami damar riga shi sara. Mai farata ba ya fuskantar haka.

Saboda haka, a ganina bai kamata mai fassara ya kira su duka "duka da hannu" ba. Hausa ta riga ta raba yakushi da naushi. Idan aka gwama su, dokar ta rushe.