2.2 Ilimin Nazarin Ɗan'adam da Matsayinsa a Binciken Sarautun Zango

Kafin a shiga bayanin sarautun gargajiya na Zango, ya kamata a yi tsokaci a kan fagen ilimin da wannan bincike ya jingina da shi, wato ilimin nazarin ɗan'adam, wanda Turawa ke kira anturofoloji. Dalili kuwa shi ne, aiki mafi girma da aka yi a kan tsarin mulkin ƙasar Daura ya fito ne daga hannun masanin wannan fage.

A Amurka, tun zamanin Franz Boas, akan kasa wannan ilimi gida huɗu: nazarin al'ada, da nazarin halittar jiki, da nazarin harshe, da kuma haƙo kayan tarihi. Biyun farko su ne suka shafi wannan fasali. Mai nazarin al'ada yana duba abin da mutum ya koya daga al'ummarsa, kamar aure da sana'a da sarauta. Shi kuwa mai nazarin halitta yana duba abin da mutum ya gada a jini, da yadda muhalli ya yi tasiri a jikinsa a tsawon zamani. Ɗalibin da ya zarce digiri na biyu ko na uku yakan zaɓi ɗaya ne ya ƙware a kai. A Nijeriya, jami'o'in Ibadan da Nsukka da Maiduguri suna da sassan da ke ɗauke da sunan wannan fage.

Babban sharaɗin digiri mai zurfi a ɓangaren al'ada shi ne ɗalibi ya je ya zauna da mutanen da yake nazari, ya ji harshensu, ya ga rayuwarsu da idonsa. Ta wannan hanya M. G. Smith, mutumin ƙasar Jamaika, ya shigo ƙasar Hausa. Yana ɗalibi a Landan ƙarƙashin Daryll Forde, ya zauna a ƙasar Zazzau daga 1949 zuwa 1950, ya kuma sami digirinsa na uku a 1951. A wannan zama ne matarsa, Mary Smith, ta ɗauki tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954. Smith ya dawo Arewa tsakanin 1958 da 1959, kuma daga bayanan da ya tattara a lokacin ne ya wallafa littafinsa The Affairs of Daura a 1978.

Abin da ya sa Zango ta zama muhimmiya a wannan aiki a fili yake. Bayan da Malam Isiyaku ya ci Daura a 1805, a zamanin jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyar gidan sarautar ta kafa mazauni a Zango wajen 1825, wani reshe kuma ya zauna a Ɓaure. Ke nan an sami Daura uku a lokaci guda: ta Fulani a birni, da biyu na Haɓe. Da Turawan Ingila suka zo sai suka mayar da Sarkin Zango, Malam Musa, kan gadon Daura. Wannan yanayi ya ba Smith damar da ba kasafai manazarci ke samu ba, wato ya kwatanta tsarin da ya ci gaba a hannun tsohon gidan sarauta, mai muƙamai irin su Magajiya da Kaura da Galadima, da wanda Fulani suka gudanar a birni.

Sai dai akwai wurin da ya kamata a yi hattara. Zango ta daɗe tana bin Damagaram a ƙarni na goma sha tara, don haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk abin da aka tarar a fadarta haka yake tun kafin jihadi. Haka kuma, wanda ya nemi tarihin sarauta dole ya fi jin bakin masu sarauta da dattawan fada, su kuwa kowa gidansu yake ɗagawa.

A nan ne kuma ake yawan cakuɗa ɓangarorin nan biyu. Da zarar an ce Haɓe da Fulani, sai wasu su ɗauka maganar jini ake yi. Alhali kalmar Haɓe ta Fulatanci ce, tana nufin waɗanda ba Fulani ba, kuma a tarihin Daura gidan sarauta da tsarin mulki take rarrabewa. Nazarin halitta yana da nasa tambayoyin, kuma an yi su a kusa da mu. Binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar tare da gwamnatin Nijeriya a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, ya gano cewa wajen mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Masana sun nuna cewa wanda ya gaji ƙwayar daga mahaifi ɗaya kawai yana samun kariya daga mummunan zazzaɓi, shi ya sa ta yawaita inda sauro ya yi yawa. Wani binciken da Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka buga a 1971 ya nuna cewa mafi yawan Fulani makiyaya na iya narkar da sukarin ɗanyar madara har bayan sun girma, saɓanin mafi yawan Yarbawa da Ibo. (Wannan bai hana kowa shan fura da nono ba, domin tsamin nono yana rage sukarin.)

Waɗannan sakamako suna da amfani ga likita da mai neman aure, amma babu gwajin jinin da zai faɗi dalilin da ya sa Magajiya take da murya a fadar Daura, ko wa ya cancanci riƙe Kaura. Amsar wannan tana cikin al'ada. Saboda haka wannan bincike ya tsaya a ɓangaren al'ada kawai, kuma duk inda aka ambaci Haɓe ko Fulani a cikinsa, gidan sarauta ake nufi. A babi na uku za a jera muƙaman da Smith ya kawo na Zango, a gwada su da waɗanda ake naɗawa a yau.