Ƙishirwar da Ba Ta Yankewa: Ciwon Sukari a Jikin Kare da Kyanwa



Allah cikin hikimarsa ya sanya a jikin dabba, kamar yadda ya sanya a jikin ɗan Adam, waɗansu sinadarai da likitoci ke kira homon, waɗanda jini ke kai wa gaɓoɓi domin daidaita al'amuransu. Idan ɗayansu ya gaza ko ya wuce kima, sai mizanin jiki ya karkace. Mafi shahara cikin irin wannan illa shi ne ciwon sukari, wanda tarihinsa yake ɗaure da kare. A 1889 malamai biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa wani kare fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance kusa da tumbi, sai ga fitsarinsa ya yawaita, cike da sukari. A 1921, a birnin Toronto na Kanada, Banting da Best suka tatso insulin, wato homon ɗin fankiriyas mai daidaita sukarin jini, suka jarraba shi a kan karnuka, kana aka yi wa ɗan Adam allurarsa a 1922. Saboda haka duk majinyacin da wannan allura ta raya, akwai haƙƙin kare a kansa.

Alamomin ciwon ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura: dabba ta riƙa shanye ruwa tana neman ƙari, ta yawaita fitsari, tana ci kamar ba gobe amma kullum sai ramewa. Kare yakan yi yanar ido har ya makance. Kyanwa kuwa, musamman muzuru mai ƙiba, ƙafafunta na baya kan yi rauni har ta riƙa taka dunduniya ƙasa. Tsohuwar kyanwa mai ci tana ramewa tana iya zama da wata larurar daban, ta yawan sinadarin gaɓar maƙogwaro, kuma gwajin jini ne ke rarrabewa.

Magani shi ne allurar insulin, galibi sau biyu a yini, da kayyade abinci. Kyanwar da aka tara da wuri takan warware har a daina yi mata allura. Mun san daga hadisi cewa an gafarta wa wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa, amma wannan ƙishirwa ruwa kaɗai ba ya kashe ta. Idan kun ga haka, jama'a, ku garzaya da dabbar wurin likitan dabbobi tun idonta bai rufe ba.