Kujerar Gwandu a Majalisar Jiha: Wa Muke Aikawa Birnin Kebbi?

A taron ƙungiyarmu na bayan sujada wani dattijo ya tambaye ni, "Malam, tsakanin wanda muka aika Birnin Kebbi da wanda muka aika Abuja, wanne ne na taki?" Aka yi dariya, amma tambayar ba ta wasa ba ce.

Majalisar Dokoki ta Jihar Kebbi tana da kujera 24, ƙananan hukumomi kuwa 21 ne. Birnin Kebbi da Bagudo da Danko-Wasagu kowace tana da wakili biyu, sauran ɗaya ɗaya. Mu mutanen Masama, ƙuri'armu a mazaɓar Gwandu take faɗawa. 'Yan'uwanmu na Kalgo suna da nasu wakilin daban. Ko a Majalisar Wakilai ta Abuja ba ma tare: Gwandu tana tare da Aliero da Jega, Kalgo kuwa da Birnin Kebbi da Bunza.

Wannan kujera ta sha wuya. A zaɓen 1979 muna cikin Jihar Sakkwato, can wakilanmu suke zama, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa na NPN. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓi mulki, aka rufe majalisa. An yanka Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, aka yi zaɓe a Disamba tsakanin NRC da SDP, Abubakar Musa na NRC ya zama gwamna. Majalisar ba ta cika shekara biyu ba, soja suka sāke rushe ta a Nuwamba 1993. Sai daga 1999 ne ake zaɓe kowace shekara huɗu ba yankewa. Mulkin jiha ya tashi daga ANPP zuwa PDP a 2007, sa'an nan APC a 2015. Tutoci sun canja, amma manomin albasa har yanzu kuɗin mota yake lissafi kafin riba.

To, ga amsar dattijo. Gwamna ba shi da ikon kashe kuɗin jiha sai majalisa ta amince da kasafin kuɗi. Takin da jiha za ta saya, da hanyar ƙauye, da rijiyar burtsatse, da albashin malaman gona, duk a cikin takardar nan suke, ko kuwa ba sa ciki. Wakilin Gwandu yana da murya a kanta. Ba shi ne mai raba buhu ba, kuma a ganina mun ɓata shekaru muna roƙonsa kuɗin shayi maimakon mu tambaye shi abin da aka rubuta wa gundumarmu.

Tsarin mulki, sashe na 110, ya ba mu ikon yi masa kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu. Abu ne mai wuya ƙwarai.

Mai sauƙi shi ne takarda. Wajen ƙarshen shekara gwamna yakan kai kasafin gaban majalisa. Saboda haka kowace ƙungiya ta zauna kafin kaka, ta gayyaci maƙwabtanmu Musulmi da muke noman fadama ɗaya, a rubuta buƙata biyu ko uku, shugaba da magatakarda su sa hannu. A kai wa wakili, a ajiye kwafi a akwatin ƙungiya.